Ganuwa, Kafi da Ribaɗi: Ragowar Gine-ginen Tsaro na Zamanin Yaƙe-yaƙe a Karkarar Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci ganuwa a darasin tarihi ko na al'adun Hausawa, abin da yakan fara zuwa a zukatan malamai da ɗalibai shi ne ganuwar Kano, ko ta Zariya, ko ta Katsina. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin waɗannan birane su ne suka samu gatan marubuta da masu yawon buɗe ido. Sai dai kuma mafi yawan gine-ginen tsaro da kakanninmu suka bari suna can warwatse a karkara: tudun ƙasa da ya ratsa tsakiyar gona, ko kwari mai zagaye da ruwa kan kwanta a ciki da damina, ko jerin duwatsu a gindin tsauni, ko kuwa suna kawai da ya rage a bakin mutane bayan ginin ya baje.

A wannan maƙala za mu dubi waɗannan ragowar gine-gine ta fuskar tarihi. Za mu bayyana ire-irensu, da yadda aka gina su, da zamunnan da suka haifar da su, sannan mu dubi halin da suke ciki da kuma gurbin da ya dace su samu a manhajar koyar da Hausa. Hujjarmu ita ce, waɗannan kufai su ne shaida mafi girma da ta rage game da yadda talakan karkara ya rayu a zamanin yaƙi. Littattafan tarihin da muka gada sun fi ba da labarin sarakuna da jarumai, amma manomin da ya haƙa gwalalo, da matar da ta ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, a jikin ganuwa kaɗai suka bar sa hannunsu.

2.0 Ire-iren Gine-ginen Tsaro

Harshen Hausa ya bambanta tsakanin nau'o'in tsaro daban-daban, kuma wannan bambanci shi kansa darasi ne.

Ganuwa ita ce katangar ƙasa mai kauri da ake kewaye gari da ita. Garin da ke da irin wannan katanga, musamman idan mazaunin sarki ne, shi ake kira birni. Daga ciki akan bar wani matashi a jikin ganuwar, wato badala, inda 'yan baka da 'yan bindiga kan tsaya su yi harbi ba tare da sun fito fili ba. Daga waje kuwa akwai gwalalo, wato ramin da ya zagaye garin, wanda galibi daga cikinsa aka ɗebo ƙasar ginin. A bakin gwalalon akan bar sarƙaƙiya da sauran itatuwa masu ƙaya su yi surƙuƙi, yadda doki ba zai iya kutsawa ba.

Kafi shi ne shingen manyan itatuwa da ake kakkafawa a ƙasa kusa da kusa. Ƙaramin garin da ba shi da yawan jama'ar da za su iya tayar da ganuwa, da kafi yake farawa. Kalmar tana da wata ma'ana ta biyu, wato asirin da ake binnewa a ƙofa ko a tsakiyar gari lokacin kafa shi domin tsari daga abokan gaba. Wannan ya nuna cewa a tunanin mutanen da, tsaron gari yana da ɓangaren zahiri da na baɗini.

Sansani shi ne masaukin mayaƙa na ɗan lokaci, wanda akan kewaye da ƙaya ko ƙaramin rami. Ribaɗi kuwa kalma ce da aka aro daga Larabci, tana nufin garin da aka kafa da gangan a bakin iyaka domin tsaron ƙasar Musulmi. Akwai kuma tsaron da Allah ya halitta, mutane suka ƙara masa gyara, kamar duwatsu da kurmi da fadama.

Ko a inda ginin ya ɓace, sunayen garuruwa sun riƙe tarihin. Muna da Birnin Kudu da Birnin Gwari da Birnin Magaji da Sabon Birni, da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Muna da Kafin Hausa a Jihar Jigawa, da Kafin Madaki a Jihar Bauci, da Kafin Soli a Jihar Katsina, da Kafin Koro a Jihar Neja. Garin Keffi na Jihar Nasarawa ma daga wannan kalma ya samo sunansa. Haka kuma akwai Garun Malam da Garun Gabas. Duk wanda ya ɗauki taswirar Arewa ya bi waɗannan sunaye, zai ga yadda buƙatar tsaro ta shiga cikin tsarin zaman jama'a.

3.0 Yadda Ake Ginawa da Yadda Ake Amfani da Su

Ginin ganuwa aikin gayya ne na dole. Da rani, bayan an kammala girbi, akan raba tsawon katangar tsakanin unguwanni da ƙauyukan da ke ƙarƙashin garin, kowa da rabonsa. Magina su ne ke jagorancin aikin, sauran jama'a kuma, 'ya'ya da bayi, su haƙo ƙasa, su ɗebo ruwa, su kwaɓa, su murza tubali. Ƙofofi akan yi su da siffar zaure mai ƙunci, a rufa da azara, a sa ƙyaure mai nauyi na katako ko fata, wani lokaci a lulluɓe shi da ƙarfe. Kowace ƙofa tana da mai kula da ita, wanda a manyan birane ake kira Sarkin Ƙofa, shi ne ke rufewa da almuru ya buɗe da asuba. Tun da yake ginin na ƙasa ne, kowace damina sai ta ci wani abu daga jikinsa, saboda haka gyara ba ya yankewa. Ganuwar da aka yi shekaru kaɗan ba a taɓa ba, ta kama hanyar zama tudu ke nan.

Wani abin lura shi ne yadda ganuwa kan kewaye fili mai faɗi fiye da inda gidaje suke. Ana barin gonaki da rijiyoyi da kududdufai a ciki, domin idan maƙiya suka yi wa gari ƙawanya a samu abinci da ruwa, a kuma samu wurin saukar mutanen ƙauye da dabbobinsu. Ke nan ganuwar gari mafaka ce ta dukkan yankin da ke kewaye da shi.

Hikimar wannan tsari tana da nasaba da irin yaƙin zamanin. Smaldone (1977) ya nuna cewa ƙarfin rundunonin ƙasar Hausa ya dogara ne a kan dawaki, wato barade da 'yan lifidi da 'yan sulke. A fili doki ba shi da abokin karawa, amma a gaban gwalalo da ƙaya da katanga ba shi da wani tasiri. Baturen nan Clapperton ya ga haka da idonsa a shekarar 1826, lokacin da ya halarci farmakin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa garin Konya na Gobirawa. Duk da yawan rundunar, ba ta samu shiga garin ba. Wannan ne ya sa yawancin yaƙin ƙarni na 19 ya kasance hari ne na ba-zata a kan mutanen da aka tarar a gona ko a hanya, a kwashe su tun kafin su kai bakin ƙofa.

Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950 aka kuma buga a 1954, ya ba mu hoton wannan rayuwa daga idon mace 'yar ƙauye. Ta bayyana yadda mutanen ƙauyensu kan sheƙa zuwa garin Zarewa mai ganuwa idan aka ji gangar mahara, da yadda aka kama wasu danginta har sai da aka tara kuɗi aka fanso su. A wurin irin waɗannan mutane, tazarar da ke tsakanin gona da ƙofar gari ita ce tazarar da ke tsakanin 'yanci da bauta.

4.0 Zamunnan da Suka Bar Mana Waɗannan Kufai

4.1 Kafin Jihadi

Al'adar ginin ganuwa ta daɗe ƙwarai. Kundin Tarihin Kano ya danganta fara ganuwar birnin ga Sarki Gijimasu (1095–1134), da faɗaɗa ta ga Muhammadu Rumfa (1463–1499). A ƙasar Zazzau da maƙwabtanta, jama'a kan kira tsohuwar katangar da ba a san wanda ya gina ta ba da sunan ganuwar Amina. Amma ya kamata malami ya yi hattara a nan. Masana ba su ma daidaita a kan ƙarnin da Sarauniya Amina ta rayu ba: wasu sun sa ta a ƙarni na 15 bisa ga Kundin Tarihin Kano, wasu kuma a ƙarni na 16. Binciken da Sutton ya gudanar a kan ganuwoyin Zariya da na dutsen Kufena a shekarun 1970 ya nuna cewa gine-ginen ba na lokaci ɗaya ba ne. Saboda haka sunan Amina ya zama tamkar laƙabi ne na tsufa, wanda ya lulluɓe aikin al'ummomi da yawa.

Daga cikin kufan wannan zamani, Surame ta fita daban. Ita ce hedikwatar daular Kabi da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, kuma an yi amfani da duwatsu wajen gina ganuwarta, abin da ba a cika samu ba a ƙasar Hausa. An ƙaurace mata a farkon ƙarni na 18 lokacin da sarauta ta koma Birnin Kabi. Yau tana cikin daji a Jihar Sakkwato. An ayyana ta a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1964, kuma a 2007 aka shigar da ita cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su, tare da ganuwar Kano. Akwai kuma Alƙalawa, birnin Gobir da Sarki Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, wanda masu jihadi suka ci a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. Kufanta na nan a yankin Sabon Birni.

4.2 Zamanin Daular Usmaniyya

Nasarar jihadi ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Sarakunan da aka kora sun koma gefe sun kafa sababbin mazaunai: Katsinawa a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri, Zagezagi a Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja, Kabawa kuma daga baya a Argungu. A arewa maso gabas akwai Damagaram, wadda ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu har ta riƙa ƙera igwa. A duwatsun Ningi kuwa, malaman da suka baro ƙasar Kano a ƙarƙashin Malam Hamza a shekarun 1840 sun kafa ƙasa mai zaman kanta, wadda ta addabi kudancin Kano da gabashin Zazzau da arewacin Bauci har ƙarshen ƙarnin.

Maganin da Muhammadu Bello (1817–1837) ya samo shi ne ribaɗi. Kamar yadda Last (1967) ya bayyana, Bello ya kafa jerin garuruwa masu ganuwa a bakin iyakokin Sakkwato, irin su Wurno da Gandi da Lajinge, ya ɗora 'ya'yansa da danginsa a kansu, ya kuma zaunar da makiyaya a ciki tare da ƙarfafa musu gwiwar noma da karatu. Shi da kansa ya zauna a Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Wannan manufa ta ci gaba bayansa, domin a ƙarshen ƙarnin Muhammadu Maiturare ya kafa Gwadabawa a iyakar arewa. Sauran masarautu ma sun bi sawu. Kafin Madaki ya tsare wa Bauci hanyar Ningi, kuma a can ne ake samun ginin da ake dangantawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya. A kudancin Kano, garin Takai ya yi ƙarfin da har Yusufawa suka mayar da shi sansaninsu a lokacin Basasar Kano (1893–1895).

A tsakanin ƙasashen da ke gaba da juna kuwa, sai aka samu dazuzzukan da babu mai iya zama a cikinsu. Barth, wanda ya ga garin Gazawa kewaye da kafi da rami mai zurfi a 1851, ya ƙetare dajin Gundumi a 1853 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ayarinsu na tafiya dare da rana ba tare da yada zango ba saboda tsoron Gobirawa. Yammacin ƙasar Katsina, wajen Ruma da dajin Rugu, ya yi asarar garuruwa da yawa sakamakon hare-haren Maraɗawa.

Gaskiyar tarihi ta wajabta mu faɗi cewa hari ba daga gefe ɗaya yake zuwa ba. Masarautun da ke gina ribaɗi domin kare kansu, su ma suna kai samame cikin wasu al'ummomi domin kamun bayi. Wannan ne ya sa ƙabilu da dama na tsakiyar Nijeriya suka hau kan duwatsu, wasu kuma, kamar a tsaunukan Jos, suka kewaye ƙauyukansu da shingen ƙyarana mai kauri wanda doki ba ya iya ratsawa. Waɗannan ma gine-ginen tsaro ne na zamani ɗaya, kuma labarin ganuwa bai cika ba sai an haɗa da nasu.

4.3 Zuwan Turawa

Abin da ya gagari doki bai gagari igwa ba. A farkon 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da harbin igwa, sannan ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, kuma a Burmi aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Haɗejiya ta biyo baya a 1906. Gwamna Lugga da kansa ya yi mamakin girman ganuwar Kano, amma daga wannan lokaci amfanin ganuwa na yaƙi ya ƙare.

Bayan hare-hare sun lafa, sai jama'a suka fara fita daga cikin garuruwa masu ganuwa suna komawa kusa da gonakinsu, waɗanda ke kan duwatsu kuma suka riƙa saukowa. Gayyar gyaran katanga ta tsaya. A cikin 'yan shekarun da ba su taka kara sun karya ba, ɗimbin ganuwoyin ƙauye suka fara zubewa.

5.0 Halin da Suke Ciki a Yau

Abubuwa huɗu ne ke cinye waɗannan kufai. Na farko ruwan sama da zaizayar ƙasa. Na biyu ɗibar ƙasa domin gini, kasancewar ƙasar ganuwa zaɓaɓɓiya ce kuma tana kusa. Na uku faɗaɗa gonaki, musamman da garmar shanu da tarakta, waɗanda ke baje tudu su cike gwalalo. Na huɗu hanyoyin mota da yankan filaye a garuruwan da ke bunƙasa.

A dokance, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa bisa Doka ta 77 ta 1979, ita ce ke da alhakin kare wuraren da aka ayyana. Amma waɗanda aka ayyana ɗin 'yan kaɗan ne, kuma ko ganuwar Kano da ke ƙarƙashin wannan kariya ta yi asarar sassa masu yawa. Idan haka ta faru ga wadda ke gaban idon hukuma, to ina ga ta ƙauyen da ba ta cikin rajistar kowa? Bugu da ƙari, rashin tsaron da ya addabi Zamfara da yammacin Katsina da gabashin Sakkwato tun daga shekarun 2010 ya sa ziyartar wasu muhimman kufai ta zama mai haɗari.

Abin takaici kuma, dabarar ita kanta ta dawo. A 2017 an haƙa rami mai tsawon kilomita 27 a gefen Jami'ar Maiduguri domin tare maharan Boko Haram, kuma an kewaye garuruwa da dama na Jihar Borno da irin wannan rami. Ɗalibin da ya san tarihin gwalalo zai fahimci cewa duk lokacin da jama'a suka koma bayan rami, gonakin nesa kan mutu, abinci ya yi ƙaranci, kamar yadda ya faru a ƙarni na 19.

6.0 Gurbinsu a Manhajar Hausa

An cire Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga matakin ilimi mai tushe a shekarar karatu ta 2009/2010, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin dawo da shi. Giɓin da wannan ya haifar ya ƙara wa malamin Hausa nauyi, domin ɓangaren al'adu na darasinsa ƙofa ce ta shiga tarihin jama'a. A kan haka muke ba da waɗannan shawarwari.

Na farko, a koyar da kalmomin tsaro a matsayin rukuni guda: ganuwa, badala, gwalalo, kafi, sansani, ribaɗi, kufai, tare da kayan yaƙi irin su lifidi da sulke da kwalkwali da garkuwa. Kalmar da abin da take nufi ya ɓace daga idon mutane, ba ta daɗewa a bakinsu.

Na biyu, a yi amfani da sunayen garuruwa wajen koyar da ginin kalma da ma'ana, ɗalibai su tattara sunayen da suka fara da birni ko kafi ko garu ko tunga a ƙaramar hukumarsu, su binciko asalinsu.

Na uku, inda tsaro ya ba da dama, a sanya aikin fita fili. Gani ya kori ji. Ɗalibai su auna tsawon abin da ya rage da taku, su zana taswirarsa, su nemi sunayen tsofaffin ƙofofi daga bakin dattawa da masu unguwanni, su rubuta da Hausa, a adana a makaranta. Ko da ginin ya baje daga baya, bayaninsa ya tsira.

Na huɗu, ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu a kudancin ƙasar nan, a yi kwatance da abin da suka sani. Ganuwar Sungbo ta ƙasar Ijebu, mai tsawon kimanin kilomita 160, da ramukan da suka kewaye Benin da ƙauyukanta, da ganuwar tsohuwar Oyo, duk amsa ce ga matsala iri ɗaya. Ɗalibin da ya ga haka zai gane cewa tarihin al'ummomin Nijeriya ya fi kama da juna fiye da yadda ake zato.

Na biyar, a koyar da batun ba tare da ƙawa ba. Ganuwa abin alfahari ce ta fuskar fasaha da haɗin kai, amma kuma shaida ce ta zamanin da mutum ba ya iya kwana a gonarsa. Ɗalibi yana da haƙƙin sanin duka biyun.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa ganuwa da kafi da ribaɗin da suka rage a karkarar ƙasar Hausa sun taso ne daga yanayin yaƙin dawaki da kamun bayi, cewa gumin talakawa ne ya gina su ya kuma raya su, sannan sun fara mutuwa daga ranar da igwar Turawa ta kawar da amfaninsu. Mun kuma nuna cewa abin da ya rage yana baje wa a kowace damina, alhali mafi yawansa ba a rubuta shi ba. Sake gina su duka ba mai yiwuwa ba ne. Abin da ke hannun malamai da masu tsara manhaja shi ne su tabbatar an san su, an auna su, an kuma rubuta sunayensu da labarinsu tun dattawan da suka gaji bayanin suna raye. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma yaron da aka tsayar a kan tudun ganuwar garinsu aka gaya masa dalilin gina ta, zai fi kowa sanin abin da magabata suke nufi da wannan karin magana.